MADANNIN TSAYAR DA AIKI A KWAMFUTA: WA KE DA IKON TAƁA SHI?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Keke Napep daga Kasuwar Monday zuwa ƙofar jami'a da ke kan hanyar Bama a Maiduguri ya san yadda sauka take. Fasinja yana da ikon cewa a tsaya a duk lokacin da ya ga dama, amma birki yana wurin matuƙi. In maganar ta zo ana tsakiyar shataletale, matuƙi mai hankali ba ya taka birki nan take. Sai ya amsa cewa ya ji, ya fita daga cunkoso, ya raɓa gefen titi, sa'an nan ya tsaya. Da zai bi umarnin kowane fasinja a kowane wuri, da haɗari ya yi yawa. Da kuma zai toshe kunnensa gaba ɗaya, da ba wanda zai yarda ya sake shiga kekensa.

Irin wannan al'amari yana nan a cikin aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Akwai madannai waɗanda in an taɓa su, aikin da na'urar ke yi zai tsaya. Akwai kuma hanyoyin da masu tsara aikin ke bi su bar waɗannan madannai a buɗe, ko su rufe su, ko su sa su yi aiki a lokacin da ya dace kaɗai.

A da, ƙwararru ne kawai wannan magana ta shafa. Yanzu kuwa ɗalibi ba ya samun shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawa, albashin ma'aikaci ta cikinta yake bi, haka kuɗin da ɗan kasuwa ke aikawa daga banki zuwa banki. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda wannan birki yake, da dalilin da ya sa wani lokaci yake ci, wani lokaci kuma a danna shi a ji shiru.

1. Manhaja da katsewa

Manhaja jerin umarni ce da aka rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin tsananin sauri. Kwamfuta ba ta san gajiya ba, ba ta kuma san kuskure ba. In an ce ta buga takarda dubu alhali goma ake nufi, za ta yi ta bugawa har takarda ta ƙare. Don haka tun farkon zamani aka tanadi hanyar da mutum zai ce mata ta dakata daga kan allon madannai, watau allon nan mai haruffa da lambobi da ake rubutu da shi.

Madannan da aka fi sani a wannan aiki su ne: Ctrl tare da harafin C, da Ctrl tare da Break, da kuma Esc da ke kusurwar hagu ta sama. A nan akwai abin lura. Wanda ya saba rubutu a manhaja irin su Word ya san Ctrl da C a matsayin hanyar kwafar rubutu. Wannan gaskiya ne a can. Amma a baƙar tagar nan da ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, tsohon aikinsa shi ne tsayar da abin da ke gudana.

In mutum ya danna, saƙon ba ya zuwa wurin manhajar da ke aiki kai tsaye. Yana fara isa ga babbar manhaja mai tafiyar da na'urar baki ɗaya, irin su Windows ko Linux. Ita ce ke ɗaukar saƙon ta miƙa wa mai aikin, tamkar masinja da ya shiga ofis ya ce ana sallama. Abin da zai biyo baya ya dogara ne ga yadda aka tsara manhajar tun ranar da aka rubuta ta: ko ta ajiye kome ta fita, ko ta yi kunnen uwar shegu, ko ta ce a ba ta ɗan lokaci ta kammala abin da ke hannunta.

2. Asalin waɗannan madannai

Sunan Break ya girmi kwamfuta. Ya samo asali ne daga zamanin wayar tangarahu, lokacin da mai karɓar saƙo kan yanke layin na ɗan lokaci don ya sanar da mai aikowa cewa yana son ya yi magana. Daga nan sunan ya bi injunan buga saƙo na nesa, har ya iso allon madannai na yau.

Shi kuwa Ctrl da C, tushensa yana cikin tsarin lambobin haruffa mai suna ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. A wannan tsari kowane harafi yana da lambarsa. Babban harafin C lambarsa 67. In an danna shi tare da Ctrl sai a rage 64, a samu 3, ita kuwa lamba 3 an keɓe ta ne da ma'anar ƙarshen rubutu. Kwamfutocin kamfanin DEC sun ɗauki wannan alama a matsayin umarnin tsayawa, daga baya sauran suka bi sahu.

A 1981 kamfanin IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur, tare da babbar manhajar DOS ta kamfanin Microsoft. Injiniyan IBM mai suna David Bradley shi ya tsara haɗin madannai uku, Ctrl da Alt da Del, domin a sake tayar da na'urar in ta cije ba tare da an kashe wuta ba. An zaɓi madannai uku ne da gangan don kada hannu ya faɗa kansu bisa kuskure. Tun daga wannan lokaci ke nan masu ƙira suka gane cewa birki abu ne da ake so ya kasance kusa, amma kada ya yi kusa ƙwarai.

A 1983 aka ƙara wa DOS wani umarni mai suna BREAK. In an bar shi a kashe, na'urar ba ta duba ko an danna Ctrl da C sai a lokacin da take karɓar rubutu daga allon madannai, ko tana nuna abu a fuskar allo, ko tana aikawa ga injin bugu. In an kunna shi, sai ta riƙa dubawa har a lokacin da take karatu ko rubutu a faifai. Wannan ya nuna cewa jin kiran tsayawa yana da nasa tsada: yawan waiwaye yana rage saurin tafiya.

3. Me ya sa ake rufe madannin?

Dalili na farko shi ne kare aiki daga tsayawa a rabi. A ɗauka misali akawu yana tura naira dubu hamsin daga asusun ofis zuwa asusun wani ma'aikaci. A wurin kwamfuta wannan aiki mataki biyu ne: a cire daga nan, a zuba a can. In aka katse manhajar bayan matakin farko kafin na biyu, kuɗin sun bar asusun ofis, ba su kuma isa ga mai su ba. Littafi ya nuna an biya, ma'aikaci kuwa yana gida yana jira. Shi ya sa manhajojin ajiyar bayanai na kirki ke bin ƙa'idar nan: ko dai matakan su kammala duka, ko kuwa a mayar da kome yadda yake tun farko. Wanda injin cirar kuɗi ya taɓa zare masa kuɗi daga asusu bai ba shi ko kwabo ba ya ɗanɗana abin da aiki rabi ke jawowa. Saboda irin wannan ne Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna umarni a 2020 cewa su mayar da kuɗin nan take in injin na bankin mutum ne, in kuwa na wani banki ne kada a wuce awa 48.

Dalili na biyu shi ne tsaro. Sau da yawa manhaja ita ce katangar da ke tsakanin mai amfani da sauran abin da ke cikin na'ura. In mutum ya iya tsayar da manhajar da ke tambayarsa kalmar sirri, ko wadda ke nuna masa tambayoyin jarrabawa, sai ya tsinci kansa a cikin gida, yana iya buɗe duk ɗakin da ya so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalili na uku shi ne kuskuren hannu. Na'urar da jama'a da yawa ke taɓawa, wasu ma ranar ce ta farko da suka zauna gabanta, tilas a tsare ta daga dannawar da ba a yi niyya ba.

4. Hanyoyi uku da ake bi

Hanya ta farko ita ce a bar madannin a buɗe. Da zarar an danna, aiki ya tsaya. Wannan ya dace da ayyukan da tsayawarsu ba ta ɓata kome, kamar neman suna a cikin dogon jeri, ko bugun takardu. Ya kuma dace da lokacin da mai rubuta manhaja ke gwada ta, domin a lokacin ne aka fi bukatar birki.

Hanya ta biyu ita ce a rufe shi. Ko an danna, manhajar ba za ta kula ba. A manhajar ajiyar bayanai ta dBASE, wadda ta yi tashe a ofisoshi a shekarun 1980, ana rubuta SET ESCAPE OFF don a hana madannin Esc aiki, a rubuta SET ESCAPE ON don a mayar da shi. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a 1969, da kuma Linux da ya bi salonsa, saƙon da Ctrl da C ke aikawa sunansa SIGINT, lambarsa 2, kuma da umarnin trap ana iya cewa a yi watsi da shi.

Hanya ta uku ita ce ta matuƙin keken da aka ambata. Manhajar tana jin kiran, amma ba ta tsayawa sai ta kai wurin da tsayawa ba ta da illa. Za ta kammala matakin da take kai ko ta warware shi, ta rufe fayilolin da ta buɗe, ta rubuta inda ta tsaya, wani lokaci ma ta tambayi mutum ko da gaske yake, sa'an nan ta fita. Wannan ita ce ta fi wahalar rubutawa, ita ce kuma ta fi amfani a yawancin ayyuka.

Manhajar lissafi ta Excel, wadda akawuna da dama suka sani, ta tanadi dukan hanyoyin uku a wuri ɗaya. Mai rubuta ƙaramar manhaja a cikinta yana da wani saiti mai suna EnableCancelKey. In ya ba shi lamba 1, ana iya katsewa. In ya ba shi 0, an rufe. In ya ba shi 2, dannawar za ta zo wa manhajar a matsayin kuskure mai lamba 18, ita kuma ta yi abin da aka tsara mata kafin ta tsaya. Da zarar manhajar ta gama gudana, Excel da kanta take mayar da saitin kan lamba 1, don kada rufewar ta zarce inda aka nufa.

A ko'ina aka bi hanya ta biyu ko ta uku, masu ƙira sun bar wata ƙofa ta baya ga mai kula da na'ura. A Unix da Linux akwai saƙo mai suna SIGKILL, lambarsa 9, wanda ba wata manhaja da aka ba ikon yin watsi da shi. A Windows kuma, tun daga Windows NT na 1993, haɗin Ctrl da Alt da Del yana zuwa ne ga babbar manhaja kai tsaye, manhajojin yau da kullum ba su iya tare shi. Hikimar ita ce: ana iya ɗauke birki daga hannun fasinja, amma ba a ƙera mota marar birki.

5. Zauren jarrabawa a Maiduguri

Wurin da yawancin iyalai ke haɗuwa da wannan al'amari ido da ido shi ne zauren jarrabawar shiga manyan makarantu. An kafa hukumar JAMB a 1978. Ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda da fensir. Ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975 aka kuma ba da sanarwar sauya sunanta zuwa Jami'ar Muhammadu Buhari a Yulin 2025, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ta wannan ƙofa zai bi. Yana da tambayoyi 180 a darussa huɗu, da awa biyu.

Cikin masu zama wannan jarrabawa a Maiduguri akwai waɗanda suka zo daga Biu, da Monguno, da Gwoza, da Bama. Akwai waɗanda rikicin da jihar Borno ta sha ya raba su da makarantunsu shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Domin irin waɗannan ɗalibai ne hukumar ta fito da tsarin madannai takwas a 2017: A da B da C da D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don fasa miƙawa a koma kan tambayoyi.

In aka duba wannan tsari za a ga darasin gaba ɗaya a cikinsa. Madannin S shi ne ke kawo ƙarshen aiki, saboda haka ba a bar shi ya yanke hukunci shi kaɗai ba: sai na'ura ta nemi tabbaci, ɗalibi kuma yana da damar fasawa. Wannan ita ce hanya ta uku. Madannan da za su fitar da mutum daga shafin jarrabawa zuwa wani wuri kuwa, manhajojin jarrabawa kan rufe su, su cika fuskar allo baki ɗaya. Wannan ita ce hanya ta biyu. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Safe Exam Browser, wadda jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurik a ƙasar Suwizalan ke kula da ita, makarantu da yawa a duniya suna amfani da ita. Tana rufe madannan fita, amma ta tanadi kalmar sirri wadda mai sa ido zai iya buɗe ta da ita. Wannan ita ce ƙofar baya.

Rufewar tana kare ɗalibi mai gaskiya ta fuska biyu. Tana hana hannunsa mai rawa ya rufe masa jarrabawa bisa kuskure, tana kuma hana na kusa da shi leƙa amsa a wani shafi ya ci gurbin da bai cancanta ba. Amma tana ɗora nauyi a kan masu cibiya. Tun da an ɗauke birki daga hannun ɗalibi, wajibi ne a samu ma'aikaci a zaure wanda zai zo da sauri in na'ura ta cije, ya mayar da ɗalibin kan wata, ba tare da amsoshinsa ko lokacinsa sun salwanta ba.

6. Haɗarin rufewa ba bisa ƙa'ida ba

Kuskure mafi yawa a rubutun manhaja shi ne zagaye marar ƙarshe: a ce wa na'ura ta maimaita abu har wani sharaɗi ya cika, alhali sharaɗin ba zai taɓa cika ba. In madannin tsayarwa yana buɗe, dannawa ɗaya ta isa. In an rufe shi, ba abin da ya rage sai a kashe manhajar da ƙarfi ko a zare wuta, duk aikin da ba a adana ba ya tafi. Kamfanin Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan a bayanin da ya yi game da saitin Excel da aka ambata.

Abin da ya faru a Amurka ranar 1 ga Agusta 2012 ya isa ishara. Wata manhaja ta kamfanin cinikin hannun jari mai suna Knight Capital ta shiga aika odar saye da sayarwa ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikata suna gani, amma ba su da shiryayyar hanyar tsayar da ita nan take. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440, a 2013 kuma hukumar da ke sa ido kan kasuwar ta ci shi tarar dala miliyan 12. Matsalar ba ta allon madannai ba ce kai tsaye, amma tushenta ɗaya ne da abin da ake magana a kai: an saki aiki ba a tanadi wanda zai tsayar da shi ba.

Akwai kuma ɓata-gari da ke amfani da wannan dabara don zamba. Mutum yana cikin intanet sai wani shafi ya cika masa allo, ya ƙi rufuwa, yana cewa na'urarsa ta kamu da cuta, ya kira wata lamba ko ya biya kuɗi. Kada a kira, kada a biya. A danna Ctrl da Alt da Del, a buɗe Task Manager, a rufe manhajar shiga intanet daga can.

7. Katsewar da ba ta neman izini

Duk tsarin da aka bayyana yana aiki ne muddin akwai wuta. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka lalata turakun babban layin lantarki da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri. An gyara a watan Maris, ba a yi kwanaki ba aka sake fasa su, birnin ya koma duhu na tsawon watanni. A Maris 2023 aka buɗe tashar wuta ta gaggawa mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50. A tsakanin nan bankuna da asibitoci da cibiyoyin jarrabawa da janareta da hasken rana suka dogara.

Ɗaukewar wuta ba ta duba ko an rufe madanni ko an buɗe. Saboda haka rufe madannin tsayarwa kaɗai ba ya kare aiki. Manhajar da za ta yi amfani a ƙasar nan ita ce wadda ke adana aikinta a kai a kai, wadda in aka katse ta ta kowace hanya, za ta tashi ta san inda ta tsaya. Kowace na'ura mai riƙe da muhimman bayanai kuma ya kamata a haɗa ta da batirin nan na UPS, wanda ke riƙe ta na 'yan mintoci kafin a tayar da janareta ko a rufe ta cikin tsari.

8. Abin da ya wajaba a kan kowa

Ga mai amfani da na'ura:

(a) In aiki ya yi jinkiri, a ɗan saurara tukuna. Jinkiri daban, cijewa daban.
(b) A danna madannin tsayarwa sau ɗaya, a jira a ga ko za ta yi tambaya. Wasu manhajojin suna ɗaukar dannawa ta biyu a matsayin umarnin fita nan take ba tare da gyara ba.
(c) In an rubuta a allo cewa kada a kashe na'ura, musamman lokacin da take sabunta kanta, a bi wannan umarni.
(d) A zauren jarrabawa, ɗalibi ya ɗaga hannu ya kira mai sa ido. Kada ya zare waya, kada ya yi ta danne-danne.
(e) Zare wuta shi ne mataki na ƙarshe.

Ga mai rubuta manhaja:

(a) Kada a rufe madannin sai a daidai matakin da tsayawa za ta ɓata aiki, a buɗe shi da zarar an wuce wurin.
(b) A tabbata an mayar da shi ko da kuskure ya auku a tsakiya.
(c) A riƙa nuna wa mutum yadda aiki ke ci gaba. Wanda ya ga an yi 300 cikin 1,000 zai yi haƙuri, wanda ya ga allo shiru zai kai hannu ga soket.
(d) A yi dukan gwaji da madannin a buɗe, sai an tabbatar da lafiyar manhajar a rufe.

Ga shugaban ofis ko mai cibiya:

(a) Kafin a karɓi manhaja daga ɗan kwangila, a tambaye shi: in an katse ta a tsakiya me zai faru, kuma wa ke iya tsayar da ita? A sa shi ya nuna a aikace.
(b) Kada kalmar sirrin tsayarwa ta zauna a wurin mutum ɗaya tak. Ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, aiki ya tsaya ke nan.
(c) A rubuta matakan gaggawa a takarda, a manna kusa da na'ura.
(d) A riƙa kwafar bayanai ana ajiyewa a wani wuri dabam. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta shiga gidaje da ofisoshi da asibitoci a Maiduguri, ta nuna cewa kwafin da ke ɗaki ɗaya da na'ura tare suke tafiya.

Kammalawa

Ikon tsayar da aiki amana ce da ake rabawa bisa ga hali. Inda tsayawa ba ta cutar da kowa, a bar ta a hannun mai amfani. Inda za ta ɓata lissafi ko ta buɗe ƙofar maguɗi, a ɗage ta zuwa wurin da ya dace, ko a mayar da ita hannun mai kula. Amma ko yaushe a samu wani mutum sananne, yana kusa, wanda ke da ikon cewa a tsaya, a kuma tsaya. Ana roƙon malaman makaranta da masu koyar da manya su karanta wa ɗalibansu wannan darasi, musamman waɗanda ke shirin zama jarrabawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don nazari

1. Waɗanne hanyoyi uku ne manhaja ke iya bi in an danna madannin tsayarwa?
2. Me zai faru in aka katse tura kuɗi bayan an cire daga asusu ɗaya kafin a zuba a ɗayan?
3. Me ya sa aka zaɓi madannai uku don sake tayar da kwamfuta?
4. Mene ne aikin madannin S da na R a zauren jarrabawa?
5. Waɗanne tambayoyi biyu ne shugaban ofis zai yi wa ɗan kwangila kafin ya karɓi manhaja?